Gidan Makama na Kano: Tambayoyin da Baƙi Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Gidan Makama shi ne gidan adana kayan tarihi da ke tsakiyar birnin Kano, dab da fadar Sarki. Baƙi daga nesa suna zuwa takanas domin su gan shi, amma da yawa daga cikin 'yan gari sun shekara suna wucewa ta ƙofarsa ba su taɓa leƙawa ba. An tattara waɗannan tambayoyi ne saboda duka biyun: baƙon da ke shirin zuwa, da ɗan garin da ya daɗe yana cewa sai wata rana.

A ina gidan yake, kuma yaya ake zuwa?

Yana cikin ƙwaryar birni, a kan titin gidan Sarki, wajen Ƙofar Kudu. Duk mai a-daidaita-sahu a Kano ya san wurin. Ka ce masa Gidan Makama, ko ka ce Ƙofar Kudu, zai sauke ka inda ƙafa za ta ƙarasa da kai. Wanda ya taso daga wajen gari yakan shigo ta Ƙofar Nassarawa ko Ƙofar Mata ko Sabuwar Ƙofa. Ginin ba ya ɓuya: jan gini ne na ƙasa, mai zankwaye a sama da zane a jikin bango.

Wa ya gina shi, kuma yaushe?

Labarin da Kanawa suka gada shi ne an gina gidan a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana matashi, lokacin da aka naɗa shi Makaman Kano. Rumfa jikan Sarki Abdullahi Burja ne, ɗan Sarki Yakubu. Ya hau gadon sarauta a 1463, ya yi mulki har 1499. Da ya gina sabuwar fada, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, sai ya koma can, wannan kuma ya zama mazaunin masu riƙe da sarautar Makama.

Ke nan gidan ya girmi fadar da sarakunan Kano suka shafe fiye da shekara 500 suna zaune a ciki. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Amma a fahimci abu ɗaya. Ginin ƙasa ba a yin sa sau ɗaya a huta. Damina tana ci, magina suna mayarwa, ana sake yaɓe, ana canza azarar da gara ta ci, wani ɗaki ya faɗi a tayar da shi. Don haka idan aka ce gidan na zamanin Rumfa ne, ba ana nufin kowane tubali da ka gani shi aka ɗora a ƙarni na 15 ba. Wurin ne na asali, da tsarin, da irin hikimar ginin da aka yi ta miƙawa daga magini zuwa ɗansa.

Yaya aka yi gidan sarauta ya koma gidan tarihi?

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun yi amfani da gidan na ɗan lokaci a matsayin ofis. Daga baya aka raba shi uku: wani sashe ya zama makaranta, wani ya ci gaba da zama gidan Makama, na ukun aka mayar da shi wurin adana kayan tarihi. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1979, ita ke riƙe da shi yanzu, kuma ginin kansa yana cikin gine-ginen da dokar Nijeriya ta ba kariya.

Wane ne Makama a masarautar Kano?

Babban hakimi ne, kuma ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Tun bayan jihadi sarautar tana hannun Joɓawa.

Me zan gani idan na shiga?

Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne, an jera su yadda mutum zai bi tarihin Kano daga farko yana gangarowa. Tun a bakin ƙofa za ka ga igwa ta zamanin Turawa da manyan tukwanen ƙasa na da. A zaure akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, waɗanda ake rufewa da dare a zamanin da ganuwa take ganuwa. Ka tsaya a gabansu ka dubi kaurinsu da aikin maƙera da ke jikinsu. Mutumin da ya saba jin Ƙofar Kabuga ko Ƙofar Waika a matsayin sunan tashar mota, a nan ne zai gane cewa ƙofa ce ta gaske, mai ƙyaure da mai gadi, Sarkin Ƙofa, wanda in ya rufe babu mai shiga sai gari ya waye.

Daga nan sai taswirorin birni da bayanin ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa a farkon ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Akwai sashen da ke ba da labarin mazauna Dutsen Dala da Barbushe, da zuwan Bagauda, wanda littafin tarihin Kano ya sa farkon mulkinsa a shekarar 999. Sai zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da zamanin Rumfa, da jihadi, da yaƙin basasar Kano, da zuwan Turawa. Akwai kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da kayan sana'o'i, da alluna da rubuce-rubucen malamai, da tsofaffin hotuna, da ɗakin amarya irin na da.

Ga shawarata: kada ka shagala da abin da ke cikin akwatunan gilashi ka manta da ɗaga kai. Babban abin kallo a Gidan Makama shi ne gidan kansa.

Mene ne abin dubawa a jikin ginin?

Rufin. Magina Hausawa ba su da dogayen katakai, abin da suke da shi azara ce, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba amma tsawon da za ta iya ɗaukar nauyin ƙasa kaɗan ne. To yaya za a rufa babban soro da gajeruwar azara? Sai suka riƙa ɗora azara kan azara tun daga jikin bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har a tayar da baka daga wannan bango ta haɗu da ta wancan. Shi ne bakan gizo. Idan bakunan suka taso daga kusurwoyi suka haɗu a tsakiya, shi ake kira ɗaurin guga, kuma sau da yawa a inda suka haɗu akan manna kwano ko tasa domin ado. A tsakanin bakunan ana jera azara cikin tsari, har jerin ya zama zane da kansa.

Bangon kuwa da tubali aka yi shi, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Yana da kauri sosai daga ƙasa, yana ƙara siranta yana hawa. Kaurin nan ne ke sa ka shigo daga zafin bazara ka ji ɗakin da sanyi, ba fanka ba na'ura. A waje akan yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, domin ruwa ya zame. A rufi kuma magina sun san laso, haɗin da ake yi da katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar marina. Ka ga sana'a ta ciyar da sana'a: sharar marini ita ce maganin yoyon magini. Ruwan sama yana sauka ta indararo, nesa da gindin bango.

Ka lura da yadda aka tsara shiga. Daga zaure ba ka hango cikin gida. Sai ka karkata, ka ratsa wani ɗaki, ka sake karkata. Baƙo yana da iyakarsa, iyali suna da sirrinsu, kuma ginin ne da kansa yake faɗa maka inda za ka tsaya. Gidajen siminti da muke yi yanzu sun fi saurin tashi, amma da wuya ka ga wanda aka yi wa tunanin zafi da kunya da mutunci kamar wannan.

Me ya sa ake yawan ambaton Rumfa?

Saboda Kano da muka sani yau da yawanta shi ya tsara ta. Shi ya gina fada, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano. Littafin tarihin Kano ya danganta masa kakaki da figini da takalman gashin jimina, kayan da har gobe ake ganinsu ranar hawa. A zamaninsa ne Shehu Muhammadu al-Maghili ya zo Kano daga arewacin Afirka, ya rubuta masa nasiha kan abin da ya wajaba a kan mai mulki. Zuriyar da ake dangantawa da al-Maghili tana unguwar Sharifai.

Akwai bayani kan yaƙin basasa da zuwan Turawa?

Akwai, kuma sashe ne da ya kamata a tsaya a karanta a natse, domin shekaru goma ne da suka juya Kano. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, ɗan Bello. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi ba su yarda ba, suka fita daga birni ƙarƙashin Yusufu suka kafa sansani a Takai. Gari ya rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa, kuma 'yan gida ɗaya ne, jikokin Ibrahim Dabo. Yusufu ya rasu kafin a kai ƙarshe, ƙaninsa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894. An kashe Tukur a Tafashiya a 1895.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga Turawa. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ta wajen Ƙofar Kabuga, a lokacin Alu ya tafi Sakkwato. Sarkin Shanu da aka bar wa gari ya rasu yana kare fada. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Alu kuwa aka kama shi, aka kai shi Yola, daga baya Lokoja, inda ya rasu a 1926. Turawa suka naɗa Wambai Abbas.

Idan ka tsaya gaban sulke da lifidi da kwalkwali da masu da kwari da baka, sannan ka tuna igwar da ka wuce a bakin ƙofa, ba ka buƙatar dogon bayani kan yadda aka yi. Jarumtaka ba ita ta yi ƙaranci ba.

Ni ba Bakano ba ne. Zan ga abin da ya shafe ni?

Ƙwarai. Kano ba ta taɓa zama ta mutanenta kaɗai ba, sunayen unguwanninta ma shaida ne: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Alfindiki, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Ayarin Buzaye ya sauke gishirin Bilma a nan. Fatake sun tashi daga nan zuwa Gwanja sayen goro, kuma da yawa daga zangunan Hausawa da ke Gana a yau a kan wannan hanya suka samo asali. Wanda ya zo daga Damagaram ko Agadas ko Kumasi zai ga kayan da kakanninsa suka saya ko suka sayar.

Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Sashen sana'o'i yana nuna kayan aikin da suka yi wannan arziki: na masaƙa da marina da mabuga, da dukawa da majema, da maƙera. Jar fatar akuya da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara. Sai kuma hotunan zamanin da ya biyo baya, bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta zama abin fitarwa, aka tayar da dalar gyaɗa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna.

Akwai gumaka a ciki? Wasu suna ƙin zuwa saboda haka.

Tambaya ce da ake yi da zuciya ɗaya, don haka ta cancanci amsa. Mafi yawan abin da ke gidan na zamanin Musulunci ne: kayan sarauta, kayan sana'a, kayan yaƙi, alluna da tawada da rubutun hannu na malamai. Labarin Barbushe da Tsumburbura ana ba da shi ne a matsayin tarihi, domin a san inda aka fito. Ba a bauta wa komai a Gidan Makama. Alƙur'ani mai girma ya umarci mutane a wurare da dama su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Makarantun Islamiyya ma suna kai ɗalibansu.

Ya dace a kai yara?

Sosai ma. Yara sun fi tsayawa a wajen kayan yaƙi da kayan kiɗa, kakaki da tambari da algaita da kalangu, 'yan mata kuma da wuya a fitar da su daga ɗakin amarya. Nan ne za su ga jere irin na kakanninsu, kwanuka da tasoshi da faya-fayai da ƙore, su ji yadda uwa take shekaru tana tara wa 'yarta kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. In da hali a tafi da wata dattijuwa daga gida. Abin da za ta faɗa a gaban kayan nan ya fi abin da aka rubuta a jikin bango, kuma ita ma za ta ji daɗi.

Makarantar da za ta kawo ɗalibai da yawa ta sanar da ma'aikata tun kafin ranar, domin ɗakunan ƙanana ne, sai an raba yaran rukuni-rukuni. A ja musu kunne kada su taɓa kaya ko su jingina da zanen bango.

Ana biyan kuɗi? Akwai mai zagayawa da mutum?

Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, ba mai yawa ba ne, sai a riƙe tsabar kuɗi a hannu. Akwai ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi suna bayani da Hausa ko Turanci. Ka karɓi rakiyarsu, ka yi ta tambaya. Kafin ka ɗauki hoto ka nemi izini, musamman in da babbar kyamara ka zo ko bidiyo za ka yi.

Wane lokaci ya fi kyau a zo, kuma awa nawa za a ɗauka?

Da safe, kafin rana ta take. Mai gaggawa zai gama cikin awa ɗaya, mai son karatu da tambaya ya ware biyu. Ranar Juma'a unguwar tana cika saboda Babban Masallaci yana kusa, gara a zaɓi wata rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu gari ya fi daɗin yawo, sai dai ƙurar hunturu. Maris zuwa Mayu zafi ne sosai.

Wanda ya zo lokacin sallah, in an yi hawa, zai haɗa biyu. Hawan Daushe a Ƙofar Kudu yake ƙarewa, nan kusa, kuma irin kayan doki da na kiɗa da ka gani a ajiye za ka gan su a jikin mahaya da hannun maroƙa. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Sai dai a ranakun hawa cunkoso ba ya barin mutum ya yi kallon gidan tarihi a natse, don haka a ware masa ranarsa daban.

Ina kuma zan je bayan na fito?

Ƙofar Kudu tana gabanka, Babban Masallaci kuma yana ɗaya ɓangaren fada. Kasuwar Kurmi ba nisa, can za ka sami kayan fata da na doki da saƙi. Marinar Ƙofar Mata tana aiki har yanzu da baba da toka, kuma ana cewa tun 1498 take. Ka hau Dutsen Dala da yamma ka ga birnin gaba ɗaya. A Nassarawa akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya zauna ya fara makarantar boko, shi ma ginin ƙasa ne, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano.

Gidan yana samun kulawar da ta dace?

Ma'aikata suna iya ƙoƙarinsu, amma ginin ƙasa kowace shekara yake neman hannu, kuma maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, matasa ba sa koyo domin babu mai ba su aiki. Abin da ya sami ganuwa ya ishe mu gargaɗi. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su, amma wurare da dama an haƙe ƙasarta, an yi gini a kanta, wasu ƙofofin an rushe an sake su da siminti. Ba na son a wayi gari Gidan Makama ya bi wannan hanya. Gidan da mutane ke cika shi ake ware wa kuɗin gyara. Attajiran Kano da suka saba gina masallatai da makarantu, Allah ya saka musu, za su iya ɗaukar nauyin yaɓen shekara ɗaya ko horar da magina goma ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Muna da tsohon kaya na gado a gida. Za mu iya kaiwa?

Za ku iya, kuma ya fi a bar shi gara ko ruwa su cinye. Tsohon takobi, rigar saƙi, littafin rubutun hannu, wasiƙar ajami, hoton da aka ɗauka zamanin En'e, duk suna da daraja. Ku je ku sami shugaban gidan ku nuna masa, ku tattauna ko kyauta za ku bayar ko aro, kuma a rubuta yarjejeniya kowa ya riƙe kwafi. Kafin nan ku zauna da manyan gida ku rubuta abin da suka sani: na wane ne, a ina ya samo, wa ya gada daga wa. Kada ku goge tsatsa ko ku wanke tsohon yadi da sabulu domin ya yi kyau, gyaran da ba na masani ba yakan lalata kaya. Kuma ku yi hattara da dillalan da ke bi gida-gida suna sayen irin waɗannan abubuwa, domin dokar Nijeriya ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ba.